Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Jirgin Sama A Gida Da Kula Da Lafiyarsa

A Amurka akwai ƙananan jiragen sama fiye da 30,000 masu rajista waɗanda ba masana'anta ce ta ƙera su ba, masu su ne suka haɗa su da hannunsu a gareji ko a rumfar bayan gida. Ƙungiyar da ke tattara irin waɗannan mutane, wato EAA, Paul Poberezny ne ya kafa ta a 1953, kuma duk shekara tana taro a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, inda dubban jirage ke sauka. Mu ma a nan abin ba baƙonmu ba ne. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da rundunar sojin saman Nijeriya ta yi aiki da shi, a Kaduna aka harhaɗa shi, kuma asalinsa samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's, irin wanda ake sayar wa masu ƙira a gida. A Ghana ma an haɗa jiragen Zenith a filin Kpong. A 2007 kuwa duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa kimanin mita biyu.

Hazaƙa da ƙwazo ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Abin da ke raba jirgin da zai yi shekara ashirin yana tashi lafiya da wanda zai kashe mai shi a ranar farko shi ne tsari, kuma dabarar da ake yabon bakanikenmu da ita, ta maye kayan da babu da wanda ya samu a hannu, ita ce halayyar da ya wajaba mutum ya ajiye a ƙofar rumfa kafin ya fara wannan aiki.

Zaɓen samfuri da neman izini

Matakin farko shi ne a zaɓi samfurin da wasu suka riga suka ƙera da yawa, suka tashi da shi shekara da shekaru, aka gano aibinsa aka gyara. Wanda bai taɓa ƙera jirgi ba, bai kamata ya fara da zanen kansa ba, domin lissafin ƙarfin fiffike da na daidaiton jirgi a cikin iska ilimi ne na daban, kuma kuskuren da aka yi a takarda ba ya bayyana sai an bar ƙasa. Hanyoyi biyu ne a buɗe: ko a sayi zanen kawai a nemo kayan aiki a yanka kowane ɓangare da hannu, ko a sayi ɓangarorin a shirye cikin akwati a harhaɗa. Hanya ta biyu ta fi tsada, amma ta fi dacewa da mai farawa. Ga wanda ba shi da doguwar hanyar tashi mai kwalta, samfurin Zenith CH 701 da ƙanensa CH 750, waɗanda Chris Heintz ya zana, suna tashi da sauka a gajeren fili, kuma haɗa su ba ya buƙatar manyan na'urori. Samfuran RV sun fi gudu, sai dai aikinsu ya fi yawa, yakan ci sa'o'i 1,500 zuwa 2,000, wanda ga mai sana'ar da yake ci da iyali shekaru ne.

Tun kafin a biya kuɗin kaya, a rubuta wa hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar da ake, NCAA a Nijeriya ko ANAC a Nijar, a bayyana abin da ake niyyar yi, a tambayi sharuɗɗan rajista da na dubawa. Tashi da jirgi ba da izini ba laifi ne, kuma a yanayin tsaron da ake ciki, abin da ya tashi sama ba da sanin hukuma ba yana iya jawo wa mai shi abin da bai yi zato ba. A tsarin Amurka, wanda ƙasashe da yawa ke koyi da shi, sai mai ƙirar ya nuna cewa shi ya yi fiye da rabin aikin, shi ya sa ake ajiye littafin aiki tun daga ranar farko, ana rubuta abin da aka yi, da lambar kayan da aka sa, ana ɗaukar hoton kowane wuri kafin a rufe shi. Ko da hukuma ba ta nema ba, littafin zai yi amfani bayan shekara biyar, ranar da ake son sanin abin da ke cikin fiffiken da ba a iya buɗewa.

A kuma koyi tuƙi a makarantar da aka amince da ita, irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Iya ƙira daban, iya tuƙi daban.

Kayan aiki

Alminiyum ɗin da ake yin taga da ƙofa da shi ba shi ne na jirgi ba, ko da a ido kamanninsu ɗaya. Zanen jirgi yakan ambaci lambar ƙarfen da yake so, kamar 2024-T3 ko 6061-T6 a alminiyum, da bututun ƙarfe mai lamba 4130 ga gangar jikin da ake haɗawa da walda, kuma lambar tana nufin abin da aka cakuɗa a ƙarfen da irin gashin da aka yi masa. Bututun ruwa da ƙarfen 'yan gwangwan ba wanda ya san tarihinsu. Ƙarfe yana gajiya, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye, kuma jijjigar jirgi tana yi masa irin wannan lanƙwasa sau miliyoyi, ta fara da ƙaramar tsaga a wurin da aka karce shi ko aka huda shi ba a goge bakin ramin ba. Saboda haka kowane rami da aka huda sai an share kaifin bakinsa, kuma ba a yi wa alminiyum alama da ƙusa ko wani abu mai karta.

Ƙusar ribit tana da ƙa'ida. Nisan tsakiyarta daga bakin falle kada ya gaza ninki biyu na kaurinta, kuma idan an daddale ta, kan da ya baje ya kai faɗin kaurinta ɗaya da rabi, tsayinsa kuma rabin kaurin. Wadda ta karkace ko ta tsage, a huda a cire ta a sa wata. Kusoshi da notuna su zama na jirgi, masu lambar AN, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ba da ƙiyasin hannu ba, kuma zaren ƙusa ya leƙo bayan noti. Notin da ke da roba a ciki ba a sa shi kusa da salansa ko inda zafi ke da yawa, domin robar za ta saki, haka nan ba a sa shi a ƙusar da ke juyawa. Can noti mai tsaga ake sawa a soke shi da fil. Sauran kuma a ɗaure su da siririyar waya marar tsatsa, a murɗa ta ta yadda duk lokacin da notin ya nemi kwancewa sai ta ƙara tsuke shi. Littafin FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, mai lamba AC 43.13-1B ya yi bayanin duk waɗannan da zane, kuma ana samunsa kyauta a intanet.

Yanayin ƙasarmu ma yana da ta cewa. Jirgin katako yana fuskantar gara da bushewar hunturu, jirgin da aka lulluɓe da yadi rana tana cinye yadin idan ba a shafa masa fentin kariya mai ruwan azurfa ba, jirgin faiba kuwa farin fenti ake yi masa, saboda duhun launi yana tara zafin da ke sassauta ƙarfin gam ɗin da ya riƙe shi. A ganina alminiyum ya fi jure rana da ƙurar Arewa.

Kada a canza zane

Mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a ranar 12 ga Oktoba, 1997, a gaɓar tekun Kalifoniya, cikin jirgi samfurin Long-EZ da wani ya ƙera shi kuma ya saya. A zanen asali, makunnin da ke sauya tankin mai yana tsakanin ƙafafun matuƙi, amma wanda ya ƙera jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, inda sai an juya jiki kafin hannu ya kai. Masu bincike sun kammala cewa da man tanki ɗaya ya ƙare, ya juya don ya sauya, ƙafarsa ta danna fedar juya wutsiya ba da saninsa ba, jirgin ya ƙwace ya faɗa ruwa. Wanda ya yi canjin yana da dalilinsa, yana gudun bututun mai ya ratsa ta wurin zaman matuƙi, amma gyaran da ya toshe haɗari ɗaya sai ya buɗe wani. Duk canjin da ake son yi, komai ƙanƙantarsa, a tambayi kamfanin da ya zana jirgin, kuma kafin a rufe fiffike ko wutsiya a kira wani injiniyan jirgi mai lasisi ya duba, domin idon da ya saba da aiki ba ya ganin kuskurensa.

Inji da mai

A nan ne mafi yawan masu ƙira a wajenmu ke zamewa, domin injin mota yana da araha kuma kowa ya san gyaransa. Matsalar ita ce injin mota yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a juyi kusan 6,000 a minti, alhali farfela ba ta son wuce kimanin 2,700, don haka sai an ƙera giyar rage juyi, wadda ita kanta takan zama tushen lalacewa. Ban da haka, mota a kan hanya ɗan kaɗan take amfani da shi daga ƙarfin injinta, shi kuwa injin jirgi yakan yi sa'o'i yana aiki da kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfinsa ba hutawa. Injinan da aka yi don jirgi, irin Rotax 912 mai ƙarfin doki 80 ko 100 da Lycoming O-320, suna da fulogi biyu a kowace silinda da hanyoyin wuta biyu masu zaman kansu, ta yadda idan ɗaya ta mutu ɗayar za ta riƙe injin.

Binciken da NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ta fitar a 2012 ya nuna cewa mutuwar inji da ƙwacewar jirgi daga hannun matuƙi su ne kan gaba wajen haɗarin jiragen da ake ƙerawa a gida, kuma kusan ɗaya cikin goma na haɗurran jiragen da masu su suka ƙera, a tashin farko ya faru. Sau da yawa ba injin ne ke lalacewa ba, mai ne ba ya isa gare shi. Don haka kafin tashin farko a ɗaga hancin jirgin zuwa karkatar da zai yi lokacin hawa, a cire tiyon mai daga bakin kafireta, a tara man a jarka ana duba agogo. Idan nauyin man ne ke gangaro da shi, ya kamata ya zubo ninki ɗaya da rabi na abin da injin ke sha a cikakken ƙarfi. Idan famfo ne ke tura shi, ninki ɗaya da kwata. A wanke tanki sosai, domin ɓarɓashin alminiyum da guntun gam da suka rage lokacin aiki su ne ke toshe matata. Man bakin hanya ba shi da wuri a jirgi. A tace mai duk lokacin zubawa, a tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba mai haske kafin kowane tashi a duba ko akwai ruwa, a kuma nisantar da tiyon mai daga salansa, saboda a zafin bazara fetur yakan tafasa a cikin tiyo ya zama tururi, injin ya shaƙe.

Zafin yana rage ƙarfin jirgin gaba ɗaya. Filin jirgin Kano yana kan tudun da bai kai mita 500 ba daga matakin teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, iskar takan yi sirantar da jirgi zai ji kamar yana kusan mita 1,500, injin ya rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. A Jos abin ya fi haka. Gwaji da sassafe ake yinsa.

Awo da tashin farko

Idan an gama haɗawa, a ɗora kowace taya a kan sikeli, jirgin yana daidai ba karkata, a cikin rumfar da iska ba ta kaɗawa, a lissafa inda tsakiyar nauyinsa ta faɗa, sannan a sake lissafin da matuƙi da mai, tanki cike da kuma tanki kusan wayam. Jirgin da nauyinsa ya koma baya fiye da iyakar da zane ya yanka yana ɗaga hanci ya ƙi saukewa, kuma ba gwanintar da ke ceton mutum daga wannan. A zauna a kujera a motsa sandar tuƙi, wani yana tsaye a waje yana faɗin abin da ya gani, domin an sha haɗa wayoyin tuƙi a juye, a karkata dama jirgi ya tafi hagu.

Ba dole ba ne wanda ya ƙera ya zama shi zai fara tashi da shi, hasali ma ya fi kyau a ba matuƙin da ya san samfurin, wanda ba zai yi jinkirin sadaukar da jirgin don ya tsira da ransa ba. Kada a tara jama'a, kada a gayyaci 'yan jarida, domin idon mutane yana sa a tashi ranar da ya kamata a fasa. A fara da gudu a ƙasa ana gwada birki da zafin inji. A tsara tun a ƙasa inda za a sauka idan inji ya mutu jim kaɗan bayan ɗagawa, kuma amsar ita ce a sunkuyar da hanci a sauka a abin da ke gaba, domin yunƙurin juyowa filin daga ƙasa-ƙasa ya kashe matuƙa da yawa. A al'adar Amurka ana yin sa'o'i 25 ko 40 na gwaji, gwargwadon irin injin, a keɓantaccen yanki kuma ba fasinja, ana ƙara gudu da nauyi kaɗan-kaɗan ana rubuta sakamako.

Jirgi mai saukar ungulu

Wannan ya fi kowanne jan hankalin matasanmu, kuma shi ne mafi rashin yafiya. Jirgi mai fiffike idan injinsa ya mutu yana iya lulawa ya sauka, amma shi wannan rayuwarsa duka tana rataye ne a kan abubuwan da ke juyawa. A ɗauki reshen babbar farfela mai nauyin kilo 12, wanda tsakiyar nauyinsa ke mita biyu daga sandar da ke juya shi, yana juyi 500 a minti: ƙarfin da ke fizgar sa waje ya haura tan shida, bakinsa kuma yana tsaga iska da gudun da ya wuce kilomita 700 a sa'a. Reshen da aka yi da falle da walda a gareji ba zai daɗe yana ɗaukar wannan ba. A watan Agustan 2021, a gundumar Yavatmal ta jihar Maharashtra a Indiya, wani matashi mai walda yana gwada wanda ya ƙera, bai ma bar ƙasa ba, farfelar wutsiya ta karye ta bugi babbar, reshen ya same shi ya mutu, abokansa suna ɗaukar bidiyo.

Saboda haka rassan farfela, da kan da ke riƙe su, da sandar, da akwatin giya, da faifan da ke karkata rassan, da farfelar wutsiya, ba a ƙera su a gida. Ana sayensu ne daga masu samfuri irin Safari ko Mosquito. Dole a sami kulocin da ke sakin farfela ta ci gaba da juyawa idan inji ya tsaya, domin da shi ne iskar da ke bugowa daga ƙasa ke juya ta har a sauka, kuma wannan sauka sai an koye ta wurin malami, ana da daƙiƙa ɗaya ko biyu ne kacal a sauke sandar ɗagawa kafin juyin ya mutu. Sai an daidaita nauyin rassan da na'ura, an tabbatar suna bin layi ɗaya a juyi. Idan sabuwar jijjiga ta bayyana, a sauka nan take a nemo dalilinta. Lokacin gwaji a ƙasa kuwa kowa ya yi nisa, musamman ta gefen wutsiya.

Ɓangarori da yawa suna da adadin sa'o'in da aka yanka musu, idan sun cika a cire su ko da suna ƙyalli. Ko Robinson R22, wanda masana'anta ce ta ƙera shi, ana kwance shi gaba ɗaya a sabunta bayan sa'o'i 2,200 ko shekara 12.

Kulawa ta yau da kullum

Kafin kowane tashi a zagaya jirgin ta hanya ɗaya da takardar dubawa a hannu, ana taɓawa ana girgizawa. A lura da zanzaro. Yana son ƙananan ramuka, kuma cikin kwana biyu zai iya cika bututun auna gudu ko ramin shan iskar tanki da laka. Ana kyautata zaton irin wannan gida ne ya toshe bututun jirgin Birgenair da ya faɗi a 1996 bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu. A rufe ramukan da marufi mai jan ƙyalle idan an ajiye jirgi, a kuma leƙa ƙarƙashin murfin inji saboda sheƙar tsuntsu da ɓarnar ɓera.

A injin Lycoming mai matata ana canza baƙin mai duk sa'o'i 50, kuma ba a jefar da tsohuwar matatar sai an yanka ta an baje takardar cikinta a rana, domin ƙyallin ɓarɓashin ƙarfe shi ne saƙon farko da inji ke aikowa. Lokacin hazo a riƙa duba matatar iska akai-akai. Tiyo da sauran kayan roba na injin Rotax ana canza su duk shekara biyar. Farfelar katako tana tsukewa da bushewar hunturu ta kumbura da damina, don haka a sake auna ɗaurin kusoshinta duk lokacin da yanayi ya juya. Wayoyin tuƙi a shafa su da tsumma, inda ya maƙale akwai silin da ya tsinke. Baƙin gari da ke fitowa a gefen ƙusar ribit alama ce ta cewa ta saki tana motsi, tsagar salansa kuma tana iya shigo da hayaƙi mai guba marar wari cikin wurin zama.

Sau ɗaya a shekara a buɗe duk murafan dubawa, a bi jirgin daga hanci zuwa wutsiya da tocila da madubi, a gwada matsin kowace silinda, a duba sanarwar gyara da kamfanin samfurin da na injin suka fitar a cikin shekarar, a rubuta komai a littafin jirgi da kwanan wata da sa hannu. Bayan kowane gyara a ƙirga sifanu da sukudireba kafin a mayar da murfi, sannan a yi tashin farko a kusa da fili, ba fasinja.